Ina Fara Gudu Sai Haki Ya Kama Ni: Huhuna Ne Ba Shi Da Ƙarfi?

"Likita, barka da aiki. Shekaruna 38, kuma na daɗe rabona da motsa jiki. Kwanan nan na fara sassarfa da safe, amma ko minti biyar ba na yi sai haki ya kama ni, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku kamar za ta faso ƙirji. Idan na tsaya cak kuma sai jiri ya ɗebe ni. Abokaina da muke fita tare suna gudu suna hira abinsu. Shin huhuna ne ƙarami, ko ba shi da ƙarfi? Akwai atisayen numfashi da zan yi ya buɗe? Ba na shan taba, kuma ba a taɓa ce min ina da wata cuta ba."

Barka kadai, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Idan na fahimce ka, abubuwa uku ke damunka: hakin da ke zuwa da wuri, bugun zuciya mai ƙarfi, da jirin da ke biyo bayan tsayawa. Kai kuma ka tattara laifin ka ɗora wa huhu. Na sha jin wannan zargi daga bakin masu zuwa gwajin motsa jiki a wajena, kuma ba na ganin laifinsu, tunda a ƙirji mutum ke jin wahalar. Sai dai ga mai lafiya, wanda ba ya shan taba kuma ba shi da asma, da wuya a ce huhu ne ya fara gazawa. Galibi abin da ke yin ƙaranci shi ne yawan jinin da zuciya ke iya turawa a minti ɗaya, da kuma yadda tsokoki ke iya cin moriyar iskar da jinin ya kawo musu. Bari mu bi hanyar da iskar ke bi tun daga hanci, za ka ga dalili da kanka.

Abin da tsoka ke nema, da yadda yake isa gare ta

Duk motsin da tsoka za ta yi sai ta ci makamashi, kuma ɗan abin da take ajiye da shi a shirye bai wuce na 'yan daƙiƙoƙi ba. Daga nan dole ta riƙa ƙona sukari da kitse, ƙonawar kuma sai da oksijin. Babban mutum da ke zaune yana amfani da kimanin mililita 250 na oksijin a minti. Da ya fara sassarfa sai buƙatar ta ninka sau bakwai ko takwas, idan kuma ya zage ƙarfinsa duka ta haura ninki goma. Jiki ba ya ajiye oksijin mai yawa, don haka abin da za a ƙona yanzu, yanzu ne za a kawo shi.

Iskar da ka shaƙa tana gangarawa ta cikin bututu masu rassa har ta kai wasu 'yan jakunkuna ƙanana, sama da miliyan 300 a cikin huhu biyu. Kowace jaka kewaye take da siraran jijiyoyin jini, tantanin da ke tsakaninsu kuma siriri ne ƙwarai, ta nan oksijin ke ratsawa ya shiga jini, iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar da ƙonawar ke haifarwa, ta fito. Jinin ya wuce ɓangaren hagu na zuciya, a tura shi ko'ina a jiki, ya dawo ɓangaren dama, a sake tura shi huhu. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana cewa sai ta huhu jini ke bi daga dama zuwa hagu. William Harvey na Ingila kuma ya fitar da bayanin cikakken zagayen jini a 1628.

Ruwan jini shi kaɗai ba ya ɗaukar oksijin sai ɗan kaɗan, bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin jini ba. Mai dakon gaske shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke ɗauke da ƙarfe. Kowane giram ɗinsa yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin. Namijin da ke da giram 15 a kowace mililita 100 ta jini, kowace litar jininsa tana tafe da kusan mililita 200. A zaune zuciya na tura wajen lita 5 a minti, wato mililita 1,000 na oksijin ke fita, jiki ya ɗebi 250, sauran kashi uku cikin huɗu su dawo ba a taɓa su ba. Ka riƙe wannan ragowa a ranka, za ta yi amfani nan gaba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce huhu ba shi da laifi. Lokacin da kake zaune, kowace jar ƙwaya tana ɗaukar kimanin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa tana ratsa gefen jakar iska, alhali cikin kashi ɗaya cikin huɗu ta riga ta cika. Ko da gudu ya sa jini ya ƙara sauri, lokacin yana isa. Shi ya sa idan na ɗora mutum a kan injin gudu na maƙala masa na'urar awon oksijin a yatsa, sai ka ga yana haki kamar ransa zai fita, na'urar kuwa tana nuna 96 ko 97 ko 98. Wasu har sukan ce na'urar ta lalace. Lafiyarta lau. Jinin da ke baro huhu a cike yake. Ka ɗauki huhu a matsayin tashar lodi: duk motar da ta shigo ana cika ta, tambayar ita ce motoci nawa ke fita a minti, kuma idan sun isa akwai masu sauke kayan?

Zuciya: nan gizo ke saƙa

Yawan jinin da zuciya ke turawa a minti ya dogara da abu biyu, wato sau nawa take bugawa, da yawan jinin da kowane bugu ke fitarwa. A zaune, bugu 70 ne a minti, kowanne da mililita 70 ko kusa da haka, shi ne lita 5 ɗin da na ambata. Idan aka shiga gudu mai tsanani, saurayi mai lafiya kan kai lita 20 zuwa 25, manyan 'yan tseren dogon zango kuma har 35 ko fiye.

Bambancin ba a saurin bugu yake ba. Iyakar saurin bugun zuciya shekaru ne suka fi yanke ta, kuma atisaye ba ya ɗaga ta. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarun mutum daga 220, naka ke nan wajen 182, ko da yake wannan lissafi kan kauce da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa, don haka kada ka riƙe shi kamar doka. Inda kuka rabu da abokanka shi ne girman kowane bugu. Ga misali, a ce gudun da kuke yi tare yana neman lita 16 a minti. Zuciyar da ke fitar da mililita 100 a bugu sai ta buga sau 160 kafin ta cika wannan adadi, ta kusa kai iyakarta ke nan. Wadda ta saba, tana fitar da 130, bugu 123 ya ishe ta. Gudu ɗaya kuke yi, amma kai kana gab da ƙarshen ƙarfinka, abokin naka kuwa bai wuce tsakiya ba. Dukan uku-ukun da kake ji zuciyarka ce ke cike giɓin da sauri.

Jiki ba ya tsayawa a ƙara yawan jini kawai, yana kuma sake rabon. A zaune tsokoki na samun kimanin kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. A gudu mai ƙarfi sai rabonsu ya haura kashi 80. Jijiyoyin da ke kai jini hanji da ƙoda suna tsukewa, na tsokokin da ke aiki suna buɗewa, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba a rage mata komai. Dalilin ke nan da ya sa wanda ya cika ciki ya fita gudu yakan ji ciki na murɗa masa. August Krogh na Denmak ya samu kyautar Nobel a 1920 saboda bincikensa kan yadda siraran jijiyoyin cikin tsoka ke daidaita shigar jini gwargwadon aikin da take yi.

Sai kuma ragowar nan da na ce ka riƙe. Tsokar da ke aiki tana yin zafi, tana fitar da iskar kabon da asid, waɗannan kuma suna sa himogulobin ya sassauta riƙon da yake yi wa oksijin. Christian Bohr, shi ma ɗan Denmak, ya bayyana tasirin iskar kabon a kan wannan riƙo a 1904. Sakamakon haka, jinin da a da ake ɗiban kashi ɗaya cikin huɗu na kayansa, yanzu tsokar ƙafa na iya kwashe kashi 80 ko fiye. Abin da ke burge ni a nan shi ne tsokar da ta fi wahala ita ce ke samun saukewa mafi yawa, ba tare da wani umarni daga ƙwaƙwalwa ba.

Tsokar zuciya kanta ba ta da wannan gata. Tun a zaune tana kwashe kusan kashi 70 na oksijin ɗin jinin da ke ciyar da ita, don haka idan aiki ya ƙaru ba ta da wata ragowa, dole jijiyoyinta su buɗe jini ya ninka sau huɗu ko biyar. Mai toshewar waɗannan jijiyoyi zai iya zama lafiya lau a kujera, sai ya hau bene ko ya yi sauri ciwon ƙirji ya bayyana. Shi ya sa muke gwada zuciya a kan injin gudu.

Idan kana son wata hujja daga wajen asibiti, dubi masu maguɗi a wasanni. Ba ka taɓa jin an kama ɗan tsere da ƙara girman huhu ba. Jini suke ƙarawa. Lance Armstrong, wanda aka ƙwace wa kofuna bakwai na tseren keken Faransa a 2012, ya amsa a 2013 cewa ya yi amfani da ƙarin jini da allurar EPO, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi. Ta hanyar halal kuma, 'yan tsere na tafiya wurare masu tudu irin Iten a Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, inda ƙarancin oksijin ke sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin da kansa.

To, hakin daga ina?

Yawancin mutane suna ɗauka ƙarancin oksijin ne ke sa haki. Abin da jiki ya fi sa wa ido shi ne iskar kabon da yawan asid a jini. Akwai masu gadi a gindin ƙwaƙwalwa da kuma a manyan jijiyoyin wuya, da sun ji waɗannan sun ɗan ƙaru sai su sa numfashi ya yi zurfi ya yi sauri. Bayan haka, umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙafafu tana aika kwafinsa ga zuciya da tsokokin numfashi, shi ya sa numfashinka ke canzawa tun daga takun farko. Iskar da ke shiga da fita a minti kan tashi daga lita 6 ko 8 zuwa lita 100 ko fiye, kuma duk da haka mai lafiya yakan gaji ya tsaya alhali huhunsa na da sauran abin da zai iya.

Minti biyar ɗin da ka ambata ba su ba ni mamaki ba. Da ka fara gudu buƙatar tsoka ke tashi nan take, amma zuciya da jijiyoyi sai sun ɗauki minti biyu zuwa uku kafin su kamo, ga wanda bai saba ba ma ya fi haka. A wannan tsakani tsoka na fasa sukari ba tare da jiran oksijin ba. Hanya ce mai sauri, amma tana tara laktet, wato sinadarin da ke saura idan an fasa sukari ta wannan hanya, tare da asid. Idan gudun mai sauƙi ne, isar da oksijin zai kamo, numfashi ya daidaita. Idan kuwa ya wuce wani mataki, tarin ba zai tsaya ba. Jini zai riƙa kashe asid ɗin da sinadarin bikabonet, wannan kuma ya haifar da ƙarin iskar kabon a kan wadda ƙonawa ke fitarwa, sai numfashi ya tashi fiye da kima. Nan ne magana ke yankewa. Ga wanda bai saba ba, wannan mataki yana zuwa a kusan rabin iyakar ƙarfinsa, ga wanda ya horu sai ya kai kashi 70 ko 80. Abokanka suna ƙasa da matakinsu, kai ka ƙetare naka tun a farkon hanya saboda kana bin takunsu.

Bari in wanke laktet daga wani laifi da ake yawan ɗora masa. Ciwon jikin da ake tashi da shi washegari ko jibi ba shi ke kawo shi ba, domin cikin kimanin awa ɗaya bayan an gama ya koma daidai. Zuciya da sauran tsokoki suna ƙona shi, hanta kuma ta mayar da wani sukari. Wancan ciwo ƙananan raunuka ne a zaren tsokar da ba ta saba da aikin ba.

Game da atisayen numfashi, ra'ayina shi ne kada ka ɓata lokacinka a kansa yanzu. Girman huhu tsawon mutum da jinsinsa da shekarunsa ne suka fi ƙayyade shi, hura balan-balan ba zai ƙara shi ba. Horar da tsokokin numfashi na da amfani ga wasu masu ciwon huhu, amma ba shi ne matsalarka ba. Kuma ka rabu da masu cewa dole ta hanci kawai za a yi numfashi lokacin gudu. Idan iskar da ake buƙata ta kai lita 35 ko 40 a minti, yawancin mutane baki suke buɗewa, kuma daidai ne.

Jirin bayan tsayawa

Wannan ya fi sauƙin bayani. Jinin da ya gangara ƙafa sai ya hauro zuwa zuciya, kuma abin da ke taimaka masa shi ne matsewar tsokokin ƙafa a kowane taku, tare da 'yan marufan cikin jijiyoyi da ke hana shi komawa ƙasa. Idan ka tsaya cak, matsewar ta tsaya, jijiyoyin kuwa har yanzu a buɗe suke. Jini ya taru a ƙafa, wanda ke komawa zuciya ya ragu, ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ji a jikinta. Zafi na ƙara tsananta abin, saboda ana karkatar da wani jinin zuwa fata don sanyaya jiki, zufa kuma, wadda kan kai lita ɗaya ko fiye a awa, daga ruwan jiki take fita har da na jini. Maganinsa shi ne kada ka tsaya, ka koma tafiya a hankali na minti biyar. Idan jirin ya riga ya zo, ka kwanta ka ɗaga ƙafafu.

Abin da zan ce ka yi

Ka daina auna kanka da abokanka. Ka fara da tafiyar sauri ta minti biyar zuwa goma don zuciya ta kamo kafin gudu. Sannan ka riƙa sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, kana maimaitawa har minti ashirin ko talatin, sau uku ko huɗu a mako. Ma'auninka shi ne magana: idan kana iya faɗin jimla cikakkiya ba ka yanke ba, kana inda ya dace. Duk mako ka ɗan tsawaita sassarfar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, amma wannan inda za a je ne, ba inda za a fara ba.

Canji na zuwa da wuri fiye da yadda mutane ke zato. Cikin mako ɗaya ko biyu ruwan jini ke ƙaruwa, zuciya ta fi cika kafin kowane bugu, ta kuma fi fitarwa. Bayan wasu makonni siraran jijiyoyi su ƙaru a tsoka, maitokondiriya, wato inda ake ƙona sukari da kitse a cikin ƙwayar tsoka, su ma su yawaita. Wanda ya daɗe a zaune yakan ƙara kashi 15 zuwa 20 a kan iyakar oksijin da jikinsa ke iya amfani da shi cikin wata biyu ko uku, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Idan kana son ganin abin da idonka, ka ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga gado, ka rubuta, ka sake dubawa bayan wata biyu.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan cewa kana da lafiya kamar yadda ka ce, ni kuwa ban saurari ƙirjinka ba, ban ga jininka ba. "Ba a taɓa ce min ba" sau da yawa yana nufin ba a taɓa dubawa ba. Ƙarancin jini yana kawo irin alamominka sak: idan himogulobin ya sauka daga 15 zuwa 10, kowace lita ta rasa kashi ɗaya cikin uku na kayanta, dole zuciya ta ƙara sauri. Ya fi yawa ga mata, amma na ga maza da yawa da zubar jini ta hanji ko zazzaɓin cizon sauro ya rage musu jini ba su sani ba. Akwai kuma asmar da motsa jiki ke tayarwa, wadda alamarta tari ne da fitar numfashi da ƙara kamar fito, sau da yawa 'yan mintoci bayan an tsaya. A nan kam huhu ne, kuma akwai magani. Mai ɗauke da rabin sikila shi ma ya kamata ya san matsayinsa, domin gudu mai tsanani a cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba yana iya zame masa haɗari.

Saboda shekarunka da tsawon zaman da ka yi, zan so a auna maka hawan jini da sukari da yawan jini kafin ka ƙara nisa. Akwai alamomin da ba a jira a kansu: nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, suma ko jiri a tsakiyar gudu maimakon bayan tsayawa, bugun da ke tsalle-tsalle ba tsari, hakin da bai lafa ba bayan hutun minti goma, kumburin ƙafafu, ko kuma wani a danginku na kusa ya taɓa rasuwa farat ɗaya kafin shekara 50. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ka, ka ajiye gudun tukuna, ka ga likita a ɗauki rubutun bugun zuciyarka, in da hali a gwada ka a kan injin gudu ana kallo.